Georg Ohm: Ɗan Maƙerin Da Ya Auna Hanyar Wutar Lantarki

Ɗauki dutsen guga na lantarki, ko rediyo, ko cajar wayarka, ka juya bayansa. Za ka ga 'yan lambobi tare da haruffa V, A da W. Yawancinmu ba mu kula da su, sai dai mu jona mu ci gaba da harkarmu. Amma wanda ya iya karanta su zai iya tsare gidansa daga gobara, ya kuma tsare 'ya'yansa daga jan wuta. Mutumin da ya nuna wa duniya dokar da ke bayan waɗannan lambobi wani malamin makaranta ne, Bajamushe, mai suna Georg Simon Ohm. Yau fiye da shekara 170 ke nan da rasuwarsa. Yawancin kwanakinsa ya yi su ne cikin talauci da reni. Bari mu bi rayuwarsa daki-daki, sa'an nan mu ga yadda lissafinsa ya shafe ka, ko kana Zongon Lome ne, ko Kumasi, ko Maraɗi, ko Jos.

Gidan maƙeri

An haifi Georg ran 16 ga Maris, 1789, a garin Erlangen, a ƙasar da yau muke kira Jamus. Iyalin 'yan Furotesta ne. Mahaifinsa, Johann Wolfgang Ohm, maƙerin kwado da makulli ne. Mahaifiyarsa, Maria Elizabeth Beck, 'yar tela ce. Sun haifi 'ya'ya bakwai, amma uku kaɗai suka girma: Georg, da ƙanensa Martin, da 'yar'uwarsu Elizabeth Barbara. Georg yana ɗan shekara goma uwar ta rasu, ta bar maƙerin da reno.

Wannan maƙeri bai yi makaranta mai zurfi ba, amma shi ya koya wa kansa lissafi da kimiyya daga littattafai. Abin da ya koya kuwa bai riƙe shi shi kaɗai ba, ya zauna da yaransa maza biyu ya koya musu lissafi, da ilmin halitta, da falsafa. Ko da yake Georg ya shiga makarantar sakandare ta garin yana da shekara 11, ya kuma fita yana da 15, karatun haddace ne ya fi yawa a can. Ainihin abin da ya gina shi, a gida ya samu. Wani shehun malamin lissafi na jami'ar Erlangen, Karl Christian von Langsdorf, ya gwada Georg ya yi mamakin iyawarsa, har ya kwatanta yaran biyu da 'yan gidan Bernoulli, wato iyalin nan na Suwizalan da suka yi suna wajen lissafi. Martin ma daga baya ya zama shehun malamin lissafi a jami'ar Balin.

Ka lura da wannan, ɗan'uwa. Hannun da ya saba da guduma da magagari shi ne ya koya wa Georg haɗa kayan gwaji da kansa. Ranar da ya buƙaci wayoyi masu kauri ɗaya da ma'auni mai kyau, sana'ar gidansu ce ta taimake shi.

Shekarun da aka yi wasa da su

A 1805 Georg ya shiga jami'ar Erlangen. A nan ne ƙuruciya ta ɗebe shi. Maimakon karatu, sai rawa, da wasan sululu a kan ƙanƙara, da wasan sunuka. Mahaifin da ke tara kuɗin makaranta da gumin maƙera ya ji zafin abin ƙwarai. Bayan zango uku na karatu ya cire shi, ya tura shi Suwizalan ya je ya nemi na kansa. A watan Satumba na 1806 yaron, ɗan shekara 17, ya kama aikin koyar da lissafi a wata makaranta a Gottstadt, kusa da garin Nidau.

Horon ya yi zafi, amma ya yi amfani. A baƙuwar ƙasa hankalinsa ya komo. Ya so ya bi Langsdorf zuwa jami'ar Heidelberg, sai malamin ya shawarce shi ya zauna ya karanta littattafan manyan masana lissafi da kansa, irin su Euler da Laplace da Lacroix. Ya bi shawarar. A 1809 ya koma Neuchâtel yana koyar da yara a gida, yana kuma karatunsa a lokacin da ya rage. A watan Afrilu na 1811 ya komo Erlangen, ran 25 ga Oktoba na wannan shekara kuwa ya karɓi digirin dakta. Yaron da aka kora saboda wasa ya dawo malami a jami'ar da ya bari.

Malamin da ba a san da shi ba

Sai dai takarda ba ta cika tukunya. Abin da yake samu a jami'ar bai isa ya ci ya ƙoshi ba, saboda haka bayan zango uku ya bar aikin. A watan Janairu na 1813 gwamnatin Bavariya ta ba shi aikin koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Bamberg. Makarantar ba ta da inganci, a watan Fabrairu na 1816 ma aka rufe ta, aka mai da shi wata da yara suka yi wa yawa. Cikin wannan hali ya rubuta littafi a kan yadda za a koyar da lissafin siffofi, da begen a gane iyawarsa.

A watan Satumba na 1817 ƙofa ta buɗe. Aka ba shi aikin koyar da lissafi da kimiyya a birnin Kolon, a tsohuwar makarantar sakandaren da limaman Jesuit suka kafa. Makarantar tana da ɗakin gwaji mai kaya sosai. Ohm malami ne mai himma, ɗaya daga cikin ɗalibansa kuwa shi ne Peter Gustav Dirichlet, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarnin.

A lokacin, wutar lantarki sabon abu ce. A 1800 ne Alessandro Volta na Italiya ya bayyana batir na fari. A 1820 Hans Christian Oersted na Denmak ya ga cewa idan wuta tana gudu cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan juya. Masana suna ta gwaje-gwaje, amma ba su da tabbatacciyar amsa ga tambaya mai sauƙi: idan ka jona waya da batir, wuta nawa za ta bi ta cikinta, me kuma ke ƙayyade ta? Wannan tambaya ce Ohm ya sa a gaba, bayan ya gama aikin aji.

Wayoyi takwas

Rubutunsa na fari a kan batun ya fito a 1825, lissafin da ke ciki kuwa bai yi daidai ba. Laifin na batir ne. Batiran wannan zamani ƙarfinsu yakan sauka tun ana cikin gwaji, don haka awon safe ba ya yarda da na yamma. Wani masani mai suna Johann Christian Poggendorff ya ba shi shawara ya bar batir, ya yi amfani da abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821: idan ka haɗa ƙarafa iri biyu, ka zafafa mahaɗa ɗaya ka sanyaya ɗaya, wuta takan gudu cikinsu.

Ohm ya karɓi gyara. Ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut. Ya tsoma mahaɗa ɗaya cikin ruwa mai tafasa, ɗayan kuma cikin ƙanƙara mai narkewa. Da yake zafin tafasasshen ruwa da sanyin ƙanƙara ba su sauyawa, turin wutar ya tsaya cik. Sa'an nan ya rataye allurar maganaɗisu bisa wayar, ya auna yawan murɗin da ake bukata kafin a mai da ita wurinta. Da wannan ya san ƙarfin wutar da ke gudu. A watan Janairu na 1826 ya gwada wayoyin jan ƙarfe guda takwas, kaurinsu ɗaya, tsawonsu dabam-dabam, daga inci 2 har zuwa inci 134. Ya maimaita gwajin a ranaku dabam, yana rubuta kowane awo.

Abin da ya gani shi ne, duk sa'ad da waya ta ƙara tsawo, wutar takan ragu bisa tsari ɗaya da ba ya kuskure. Idan kuma ya sauya bambancin zafi tsakanin mahaɗan biyu, wato ya ƙara ko ya rage turin, wutar takan bi turin daidai wa daida. Ya buga sakamakon a 1826.

Dokar da kanta

Ga yadda za ka riƙe ta. Ka tuna da tankin ruwa a kan bene, da tiyo da ke saukar da ruwan. Tsayin tankin shi ke tura ruwa. A lantarki wannan shi ne matsi, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne gudun wuta, ana auna shi da amfiya, alamarsa A. Matsatsin tiyo da tsawonsa, waɗanda ke hana ruwa wucewa da sauƙi, su ne turjiya, ana auna ta da om. Waya doguwa ta fi gajera turjiya, siririya kuma ta fi mai kauri.

Dokar Ohm ta ce: ka raba matsi da gudun wuta, abin da ya fito shi ne turjiya. Idan bolt 12 ya tura amfiya 2 cikin wani abu, turjiyarsa om 6 ce. Idan ka san biyu daga cikin ukun, na ukun yana hannunka: ka raba matsi da turjiya, ka sami gudun wuta, ka ninka gudun wuta da turjiya, ka sami matsi.

Saura na huɗu, wato ƙarfin aiki, ko cin wuta, wanda ake aunawa da wat, alamarsa W. Shi kuma sai ka ninka matsi da gudun wuta. Bolt 12 sau amfiya 2 ya ba ka wat 24. Wannan sashe ya cika ne da aikin wani ɗan Ingila, James Prescott Joule, wanda a 1840 da 1841 ya nuna yadda waya ke ɗaukar zafi: ka ninka gudun wuta da kansa, sa'an nan ka ninka da turjiya. Ma'anarsa ita ce, idan gudun wuta ya ninka biyu, zafin wayar zai ninka huɗu. Riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Littafin da aka rena

A 1826 Ohm ya roƙi hutun shekara guda domin ya kammala bincikensa. Aka ba shi, a kan rabin albashi. Ya tafi Balin inda ƙanensa Martin yake, a 1827 kuwa ya fitar da littafinsa a kan da'irar lantarki bisa hanyar lissafi. A ciki ya bi sawun Joseph Fourier na Faransa, wanda a 1822 ya bayyana yadda zafi ke tafiya cikin ƙarfe daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Ohm ya nuna wutar lantarki ma haka take tafiya cikin waya.

Ya sa rai littafin zai kai shi kujerar shehun malami a jami'a. Abin da ya samu shiru ne, da suka. Masana kimiyya da yawa na Jamus a lokacin ba su saba da lissafi mai zurfi ba, sai littafin ya yi musu nauyi. Waɗansu kuma almajiran falsafar Hegel ne, suna ganin tunani ya fi awo daraja. Ɗaya daga cikinsu, Georg Friedrich Pohl, ya rubuta suka mai zafi a kan littafin. A ma'aikatar ilmi ta Balin ma ra'ayin wannan falsafa yana da ƙarfi, saboda haka ba a ba shi muƙamin da ya nema ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. A watan Maris na 1828 ya ajiye aikinsa na Kolon. Daga nan har 1833 yana Balin yana 'yan koyarwa na wucin gadi, har da makarantar soja, a kan kuɗi kaɗan. Ka dubi halinsa: mutum ɗan shekara 40, ya gano ɗaya daga cikin manyan dokokin halitta, ga shi ba shi da tsayayyen aiki. Duk da haka bai janye abin da ya auna ba, bai kuma sauya lambobinsa domin ya faranta wa manya rai ba.

Girma da yamma

A 1833 aka ba shi aiki a makarantar fasaha ta Nurembag, a 1839 kuma ya zama shugabanta. Ana haka, gaskiya tana ta yin aikinta a hankali. Gustav Fechner ya yi gwaje-gwaje masu yawa a Leipzig, ya buga su a 1831, suka tabbatar da dokar. A Rasha, Heinrich Lenz da Moritz Jacobi suna aiki da ita. A Faransa, Claude Pouillet ya kai ga sakamako iri ɗaya ta nasa gwajin a 1837. Daga waje ne yabo ya fara zuwa. A 1841 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar Copley, wadda ita ce mafi girma da take bayarwa, aka kuma juya littafinsa zuwa Turanci. A 1842 ta ɗauke shi memba. A 1843 Charles Wheatstone, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera wayar tangaraho a Ingila, ya bayyana a fili cewa a kan aikin Ohm ya gina hanyoyinsa na awo.

Sai a lokacin ne na gida suka farka. A 1845 ya zama cikakken memba na majalisar masana ta Bavariya. A 1849 aka kira shi Munik ya kula da kayan gwajin majalisar, yana kuma koyarwa a jami'a. A 1852, yana da shekara 63, aka ba shi kujerar da ya yi ta nema, shekara 25 bayan fitowar littafinsa. Shekara biyu kawai ya zauna a kanta. Ya rasu ran 6 ga Yuli, 1854, yana da shekara 65, aka binne shi a tsohuwar maƙabartar kudu ta Munik. Bai yi aure ba.

A 1881, babban taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin turjiya, tare da na Volta a kan matsi da na André-Marie Ampère a kan gudun wuta. Jami'ar fasaha ta Nurembag tana ɗauke da sunansa har wa yau.

Akwai wani abu kuma. Wajen 1781, tun ba a haifi Ohm ba, wani attajirin masani na Ingila, Henry Cavendish, ya kusa kaiwa ga wannan doka, da jikinsa ma yake jin ƙarfin wutar domin ba shi da ma'auni. Amma ya ajiye takardunsa bai nuna wa kowa ba, sai a 1879 James Clerk Maxwell ya buga su. Mai arziki ya ɓoye abin da ya sani, bai amfani kowa ba a zamaninsa. Ɗan maƙeri ya fito da nasa, ya sha reni, duniya ta mora.

Lissafin a ɗakinka

Yanzu bari mu kawo maganar gida. Fataken Hausa sun zauna a Lome tun zamanin mulkin Jamus, wanda ya fara a gaɓar Togo a 1884, shekara 30 bayan rasuwar Ohm. A 1977 aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni, aka mai da shi arewa, wajen Agoè da Togblékopé. Wutar da kamfanin CEET ke rabawa tana shiga ɗaki da matsin kimanin bolt 220. A manyan layukan da hukumar CEB ta Togo da Benin, wadda aka kafa a 1968, ta shimfiɗa domin ɗauko wuta daga wurare irin su madatsar Akosombo a Gana da ta Nangbéto a kogin Mono, matsin bolt 161,000 ne. Me ya sa? Domin ƙarfin aiki matsi ne sau gudun wuta. Idan aka ɗaga matsi, gudun wuta kaɗan ya isa ya kai aiki mai yawa, wayar kuma ba ta cinye shi da zafi a hanya.

Ɗauki dutsen guga da aka rubuta wa wat 1,100. Raba da bolt 220, ka sami amfiya 5. Raba 220 da 5, ka sami turjiyarsa, om 44. Idan ya yi awa biyu yana jan wuta, ya ci kilowat-awa 2.2, abin da mita ke ƙirgawa ke nan. Hitar dafa ruwa mai wat 2,200 kuwa amfiya 10 take ja, turjiyarta om 22.

To, a gidan haya da yawa soket ɗaya ne a ɗaki, sai a jona masa wayar nan mai baki da yawa. A ce an rubuta mata amfiya 10. Ka jona hita da dutsen guga tare, ya zama amfiya 15. A ido ƙarin rabi ne kawai, amma ka tuna da Joule: 15 sau 15 ya ba da 225, alhali 10 sau 10 ɗari ne. Zafin wayar ya fi ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa. Roba ta yi laushi, ta narke, labule ko katifa na kusa.

Ga mai jawo wuta daga gidan maƙwabci ko zuwa shago. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 0.75, idan nisan mita 50 ne, zuwa da komowa mita 100 ke nan, turjiyarta wajen om 2.3. Amfiya 10 a cikinta zai zubar da bolt 23 a hanya, wayar kuma ta mai da wat 230 zafi. Kai ne kake biyan wannan zafi. Waya mai kauri ninki biyu za ta raba hasarar biyu.

Ga kuma haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Idan ya sassauta ko ya yi tsatsa, turjiyarsa ta kai ko rabin om, amfiya 10 zai haifar da zafin wat 50 a wurin da bai fi farce girma ba. Yawancin lokaci wannan haɗin yana cikin silin, inda ido ba ya kaiwa. Haka nan mai cire fiyus da ya ƙone ya sa waya mai kauri a madadinsa. An yi fiyus ne domin ya narke kafin wayar gida ta narke. Wanda ya hana shi narkewa ya kori mai gadi da hannunsa.

Mai batir da farantin sola ma ya lura. Talabijin mai wat 60 a kan bolt 220 bai kai sulusin amfiya yake ja ba, amma daga batir mai bolt 12 amfiya 5 ne. Shi ya sa wayoyin batir suke bukatar kauri da gajarta.

Na ƙarshe ya fi duka nauyi, gama jikinka ma yana da turjiya. Busasshiyar fata tana iya kaiwa om 100,000, amma jiƙaƙƙen jiki yakan sauka zuwa wajen om 1,000. Raba bolt 220 da 1,000, ka sami amfiya 0.22. Na'urar da ake sawa domin ta yanke wuta ta ceci rai, a amfiya 0.03 take yankewa. Ka ga ke nan abin da zai bi ta jikin mai jiƙaƙƙen hannu ya fi wannan iyaka sau bakwai. Da damina, sa'ad da ruwa ya kwanta a tsakar gida ko a sassan unguwa da ke kusa da kogin Zio, kada wani ya taɓa soket ko waya yana tsaye cikin ruwa. Kada a sa hannu cikin bokiti hita tana jone. Idan wuta ta kama mutum, a kashe ta daga mita tukuna, ko a ture wayar da busasshen itace.

Wannan lissafi ya fi tafiya daidai a kan kayan da ke zafafa abu, irin su hita da dutsen guga. Fanka da firij da injin niƙa suna da ƙarin sha'ani, firij ma yakan ja wuta mai yawa a lokacin tashi. Saboda haka ka bar rata a lissafinka. Aikin buɗe soket da awon waya mai rai kuwa, ka bar wa mai gyaran wuta da ya koyi sana'ar.

Abin tunani

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, rayuwar Ohm tana da magana ga kowannenmu. Idan kai uba ne ko uwa, ba sai kana da digiri za ka zauna da yaro ka koya masa abin da ka sani ba. Idan kai matashi ne da ya yi wasa da damarsa ta fari, ka ga wanda ya komo bayan shekara biyar ya kammala. Idan an nuna maka kuskure a aikinka, ka ga wanda ya karɓi shawara ya sake gwaji daga tushe. Idan kuwa kana aiki da aminci a inda ba mai ganinka, na ƙasa da kai suna wuce ka, ka tuna cewa shekara 14 ta wuce kafin a yaba wa littafin nan, 25 kafin a ba mai shi kujera. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci, amma haƙurin Ohm bai zama na naɗe hannu ba, gama yana jira yana koyarwa, yana bincike.

Ga aikin da za ka yi a wannan mako. Ka tattara kayan da ke jone a soket ɗaya a ɗakinka, ko a shagonka, ko a majami'arku. Ka haɗa wat ɗinsu, ka raba da 220, ka gwada amsar da amfiyar da aka rubuta a jikin wayar. Idan ta wuce, ka rage kaya tun yau. Ka taɓa bayan fulogi bayan ya yi aiki, in da zafi, ka kira mai gyara. Sa'an nan ka nuna wa maƙwabcinka yadda ake lissafin, gama a gidan da ɗakuna suke jere ƙarƙashin kwano ɗaya, wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a nan.